Tsagewar gilashin motar tsere: Gyara ko sauyawa?

Duk mai bin manyan titunan Abuja da Kano da Kaduna da yamma, musamman a ƙarshen mako, ya san motocin tsere sun daina zama baƙi a wurinmu. Su ne motocin nan masu ƙofa biyu, gajeru kamar za su taɓa kwalta, waɗanda ake jin rugugin injinsu tun kafin a hango su: Mustang da Camaro da Corvette daga Amurka, Porsche daga Jamus, da ’yan uwansu na Japan. Galibinsu an hau su a can kafin su iso nan, kuma galibin masu su matasa ne da Allah Ya buɗa wa. Ba ni da ja a kan wannan. Kowa da abin da ransa ke so, wani doki, wani tattabaru, wani mota.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani abu ne da nake yawan gani a jikin waɗannan motoci. Mota ta sha wanki, tayoyi na ƙyalli, amma in ka matsa kusa sai ka ga wani siririn layi ya ratsa gilashin gaba, ko wani tabo mai kama da tauraro daidai fuskar direba. In ka yi magana, amsar ɗaya ce: “Ai ɗan ƙwarzane ne, bai hana ni gani.” Mutumin da zai zuba kuɗi masu yawa a kan salansa don motarsa ta ƙara amo, shi ne zai yi wata shida da tsagaggen gilashi, in kuma ya tashi sauyawa ya nemi mafi arha. A ganina, in aka cire birki da taya, babu abin da ya cancanci a kashe masa kuɗi cikin natsuwa a jikin irin wannan mota kamar gilashin gaba, domin rai ne ke zaune a bayansa.

Gilashin gaba ba na taga ba ne

Da yawanmu muna ɗaukar gilashin gaba a matsayin abin tare iska da ƙura kawai. Haka yake a motocin farko, lokacin da ake sa gilashi irin na tagar ɗaki, wanda in ya fashe yake komawa wuƙaƙe ya yayyanka mutanen ciki. Wani masanin haɗa sinadarai ɗan Faransa, Édouard Bénédictus, shi ya kawo mafita. Ana ba da labarin cewa a 1903 wata kwalba ta suɓuce masa a ɗakin gwaji, ta tsattsage amma ba ta tarwatse ba, saboda wani sinadari mai danƙo da ya bushe a cikinta ya riƙe ɓaraguzan. A 1909 ya yi rajistar ƙirƙirarsa: gilashi biyu da aka manne da wani siririn fallen leda a tsakani.

Har yau a kan wannan tsari ake tafiya, sai dai tun shekarun 1930 aka koma amfani da wata leda mai ƙarfi da ake kira PVB. Kaurin kowane falle na gilashin bai fi milimita 2 da ɗoriya ba, ita kuwa ledar ba ta cika milimita ɗaya ba. Shi ya sa in dutse ya doki gilashin gaba sai ya tsage ya tsaya a wurinsa. Na gefe da na baya kuwa, a yawancin motoci, falle ɗaya ne da aka gasa, wanda in ya fashe yake zubewa ƙanana-ƙanana kamar tsakin masara.

A motar zamani ba da zoben roba ake riƙe gilashin gaba ba, kamar yadda muka sani a tsofaffin Fijo da Bitil. Manne shi ake yi a jikin ƙarfe da wani gam mai ƙarfi, har ya zama ɓangare na ƙashin motar. Yana taimaka wa rufi kada ya lotse in mota ta wuntsila. Yana hana mutum fita ta gaba in an yi karo, kuma duk mai aikin ceto ya san wanda mota ta watso waje shi ya fi kusa da halaka. Sannan a motoci da yawa, jakar iskar da ke kare fasinjan gaba in ta buɗe, gilashin take fara duka kafin ta juyo ta tare mutum, duk kafin ƙiftawar ido. In gilashin bai zauna daram ba, jakar sai ta yi waje da shi, fasinja ya rasa abin tare shi a daidai lokacin da yake bukata.

Abin da ya sa na motar tsere ya fi wuyar sha’ani

Motar tsere gajera ce, don haka duk tsakuwar da tayar tifa ko tirela ta watso, a fuskarta take sauka. Ƙarfin duka kuma yana ƙaruwa da gudu ninki-ba-ninki: in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin karon sau huɗu yake ninkawa. Ƙafafun irin wannan mota masu tauri ne, an yi su don santsin titunan Turai da Amurka, saboda haka duk ramin da ta faɗa, girgizar kai tsaye take isa jikin gilashi. Ƙaramin tabon da zai iya shekara a jikin Corolla bai motsa ba, a nan mako biyu ya ishe shi ya zama doguwar tsaga.

Shi kansa gilashin ya sha bamban. A kwance yake sosai kuma yana da lanƙwasa, don iska ta zame ta wuce, abin da ke sa ƙera shi da ɗora shi su ƙara wuya. Wasu kamfanonin suna rage kaurinsa don rage nauyi. Ford GT ta 2017, alal misali, da nau’in Gorilla Glass aka yi nata, irin wanda muka sani a fuskar wayoyin hannu. Wasu motocin suna haska lambar gudu a jikin gilashi daidai idon direba, kamar yadda Corvette ke yi tun 1999, kuma wannan yana bukatar leda ta musamman a tsakiya, in ba haka ba lambobin biyu-biyu za su riƙa fitowa. Sababbi kuma suna ɗauke da kyamara a bayan madubin tsakiya, wadda ke lura da layin titi da motar da ke gaba, har ta taka birki da kanta in ta ga haɗari. Akwai na’urar jin saukar ruwan sama, akwai kuma eriyar rediyo da ake binnewa a cikin gilashin wasu. Ita kuwa motar da ake naɗe rufinta, firam ɗin gilashin gaba yana cikin ’yan abubuwan da suka rage a saman kan direba in ta kife.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda ya sayi irin wannan mota ya sayi ɗawainiyarta, kuma gilashi na cikin ɗawainiyar.

Yaushe gyara yake wadatarwa?

Ba kowane tabo ne ke bukatar sabon gilashi ba, kuma a nan nake ganin ana tafka asara ta fuska biyu: wasu su ƙyale har abin ya lalace, wasu kuma a tsorata su su cire gilashin asali mai kyau a kan abin da minti 30 zai gyara. Gilashin da kamfani ya ɗora tun daga masana’anta, in dai zai gyaru, ya fi kowane sabo, domin mannewarsa ba ta da na biyu.

Yadda ake gyaran shi ne, a share ramin, a zuƙe iskar da ke ciki da wata ’yar na’ura, a tura wani ruwan danƙo garai-garai ya cike duk rassan tsagar, a busar da shi da fitila ta musamman, sannan a kankare a goge. Tabon ba ya ɓacewa gaba ɗaya, amma yana dusashewa, kuma tsagar ta daina tafiya.

Gyara yana yiwuwa in tabon bai fi faɗin kwabo ba, wato kimanin santimita biyu da rabi, ko kuma tsagar gajera ce da ba ta kai tsawon tafin hannu ba, kuma fallen waje kaɗai ya taɓu. In ka shafa daga ciki ka ji kaushi, dukan ya ratsa, sai sauyawa. In tsagar ta kai bakin gilashi, ko daga can ta taso, sai sauyawa, domin a gefen ne nauyi yake taruwa. In tana daidai gaban kyamara, ko daidai inda idon direba ke kallo, nan ma sauyawa ta fi, saboda wurin da aka gyara yana ɗan karkatar da haske, kuma da dare fitilun masu tahowa za su riƙa watsuwa a kai. A Birtaniya, wajen gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, tabon da ya wuce milimita 10 a cikin faɗin santimita 29 da ke gaban sitiyari ya isa ya kayar da mota, haka ma wanda ya wuce milimita 40 a sauran wurin da waifa ke sharewa. Ƙasar da titunanta suka fi namu santsi ke nan.

Abin da ya fi komai muhimmanci shi ne hanzari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙadangarun gilashi su ne ƙura da ruwa da sabulu. Da zarar sun shiga ramin, danƙon gyara ba zai kama da kyau ba. Saboda haka ranar da dutse ya doke ka, manna farin salatif a kan tabon, ka nemi mai gyara cikin kwana ɗaya ko biyu. Kafin nan, ka guji abin da zai sa gilashin ya miƙe ko ya tsuke farat ɗaya. Motar da ta wuni cikin ranar watan Afrilu, in aka watsa mata ruwan sanyi, ko aka sakar wa gilashinta iskar na’urar sanyaya gaba ɗaya, tsagar tana iya gudu daga wannan gefe zuwa wancan kana kallo. Haka ma zuba ruwan zafi da sanyin asubar hunturu.

In sauyawa ta zama dole

Kofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja da Ladipo a Legas cike suke da gilasan motoci, sababbi da waɗanda aka ciro daga wasu motocin, kuma akwai ’yan kasuwa masu gaskiya da sanin aiki a cikinsu. Sai dai gilashin motar tsere ba kasafai ake samunsa a jingine ba, sau da yawa sai an yi odarsa. Kada ka yi oda da sunan mota da shekararta kawai. Ka ba da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, wadda ake hangowa ta ƙasan gilashin a gefen direba, domin mota iri ɗaya ta shekara ɗaya tana iya samun gilashi kala uku ko huɗu, gwargwadon na’urorin da ke jikinta da ƙasar da aka ƙera ta dominta.

In gilashin ya iso, duba hatimin da ke kusurwarsa kafin a ɗora. Za ka ga sunan masana’anta. Daga cikin sanannu akwai Pilkington da Saint-Gobain Sekurit da AGC da Fuyao. Na tsarin Amurka yana ɗauke da DOT da wata lamba, da kuma alamar AS1, wadda ke nuna ya cancanci zama a gaba. Na tsarin Turai yana da harafin E da lamba a cikin da’ira, sannan 43R. Nemi kalmar Laminated, ka kuma leƙa bakin gilashin da idonka, za ka ga falle biyu da siririyar ledar a tsakiya. Daga nan a ɗaga maka shi ka hangi falwayar lantarki ta cikinsa kana matsar da kai. In falwayar tana lanƙwashewa kamar a cikin ruwa, mayar musu da kayansu. Wanda zai yi tafiyar sa’a uku yana kallo ta irin wannan gilashi, ciwon kai da gajiyar ido ne ƙaramin abin da zai samu.

Shi kuwa wanda aka ciro daga wata mota, yana iya zama na asali, amma sau da yawa wajen yanko shi ake ɓantare gefensa, kuma daga wannan ɓantarewar da ba a gani sabuwar tsaga ke tasowa. Fuskarsa ma ta riga ta sha yashi, da rana lafiya lau, da dare sai hazo. Kada a yi wa rogo kallon kitse.

Gam da hannun mai ɗorawa

Ko da gilashin ya fi kowane kyau, in gam ɗin bai yi ba, aikin banza aka yi. Na ga haka da idona a motar wani ƙanena. Ya sayi gilashi mai kyau da tsada, amma ya kai wani wuri da suka yi masa alkawarin gamawa cikin sa’a guda a kan rabin kuɗin da wasu suka nema. Ruwan farko na damina sai ga shi yana ɗiga a kan dashbod, in ya ɗan taka kuma sai wani fito ya riƙa tashi ta kusurwar sama. Da aka kai wa wani dattijon mai gilashi, tafin hannu kawai ya sa daga ciki ya tura, muka ga gilashin ya motsa. Ashe da silikon na aikin gini aka manne shi, irin wanda ake liƙe bahon wanka da shi. Dattijon ya dubi yaron ya ce, “Ɗana, wata nawa kana yawo da wannan? Ka gode wa Allah da ba ka yi karo ba.” Sai da aka sake aikin daga farko, da sabon kuɗi. Arha ba ta ado.

Gam ɗin da ya dace shi ne na yuritan da aka yi musamman don gilashin mota, kuma yana da ranar lalacewa a jikin kwalinsa, ka nemi a nuna maka. Mai aikin kirki da waya ko wuƙa ta musamman yake yanke tsohon gam, ba ya ɓanɓara da sukundireba. Yana barin siririn layin tsohon gam, kamar milimita ɗaya zuwa biyu, domin sabon a kansa ya fi kamawa. Duk inda fenti ya kankare yana shafa maganin share fage, in ba haka ba tsatsa za ta ci ƙarfen ta ƙarƙashi, bayan shekara biyu gam ɗin ya saki. Ba ya taɓa gefen gilashi da hannu mai maiƙo. Kuma mutum biyu ne ke ɗora shi da abin kamawa, a sauke sau ɗaya a daidai wurinsa, ba a ja ana gyarawa.

Sai kuma jira, wanda shi ne matasanmu suka fi ƙi. Kowane gam yana da lokacin da masana’anta ta ƙayyade kafin a hau titi, wani sa’a ɗaya, wani sa’o’i da yawa, wani sai an kwana. Akwai wani abu da ya shafe mu a nan Arewa: yawancin wannan gam da damshin iska yake ƙanƙamewa, don haka a bushewar hunturu ya fi jinkiri fiye da damina. Mai hankali sai ya ƙara lokaci a kan abin da aka rubuta. A kwana biyun farko, a bar tagogi a ɗan buɗe, a daina buga ƙofa da ƙarfi, a guji wanki da injin feshi da hanya mai gargada.

In motar tana da kyamara, aiki bai ƙare ba sai an sake saita ta da kwamfuta. Karkatar da ido ba zai gani ba a jikin gilashi, a nisan mita 100 ta zama kuskure babba, motar ta riƙa ganin layin titi inda babu shi, ko ta makara wajen taka birki. Kafin ka ba da aikin, tambayi mai shi ko yana da na’urar saitin, ko ya san inda za a kai. In ya ce ba sai an yi ba, ɗauki motarka ka ƙara gaba.

Kuɗi, inshora da doka

Na san mai karatu zai ce duk wannan kuɗi ne, ga canjin dala. Gaskiya ne. Amma lissafin a bayyane yake: gyaran tabo a makon farko bai kai ko kusa da kuɗin sabon gilashi ba, sabon gilashi kuma bai kai kuɗin asibiti ba. Masu motoci da yawa a ƙasar nan inshorar dole kawai suke yanka, wadda hukumar NAICOM ta mayar da kuɗinta Naira 15,000 daga farkon 2023 ga motocin gida. Wannan inshora ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba ruwanta da gilashinka. Mai motar miliyoyi ya kamata ya yanki cikakkiyar inshora, ya kuma karanta takardar ya ga abin da ta ce game da gilashi kafin ya sa hannu.

Ta fuskar doka, tuƙi da fasasshen gilashin gaba yana cikin laifukan da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ke cin tara a kansu. Ina roƙon jami’anta da su riƙa duba wannan a jikin manyan motoci masu tsada kamar yadda suke dubawa a jikin motocin haya, domin dutse bai san mai kuɗi ba. Ina kuma roƙonsu da su matsa wa masu tifa lamba su riƙa rufe lodinsu da tamfol, tunda daga can yawancin tsakuwar ke fitowa. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ita ma tana da aiki a kan gilasai da gam ɗin da ake shigowa da su. Ƙungiyoyin masu sana’ar gilashi a kasuwanninmu kuwa, su ne suka fi kowa sanin wanda ke aiki da silikon a cikinsu. In suka tsawata wa junansu suka kuma horar da yaransu, mutuncin sana’ar ne zai ƙaru, ciniki ma haka.

Ga matasa masu waɗannan motoci, shawarata ba ta da tsawo. Ku ba tifa da tirela tazara mai yawa, ku sauya robar waifa da zarar ta fara kankarar gilashi, kada ku kunna ta a kan busasshiyar ƙura. Ku ajiye salatif a aljihun mota. In tabo ya fito, ku nemi gyara a ranar. In sauyawa ta kama, ku tsaya a kan aikin da kanku, ku yi tambaya, ku yi haƙurin jira. Sau da yawa ba ku kaɗai ba ne a ciki, akwai aboki ko ƙanwa ko amarya a kujerar gefe, kuma ita ce kujerar da jakar iskarta ta dogara da wannan gilashi. Amanarsu tana wuyanku tun daga ranar da kuka zaɓi wanda zai manna shi.

Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu, Ya kai kowa gida lafiya.